Sulallan Tsohon Hannu

Waɗanda suka san Mai Agogo tun yana ɗan shagonsa na ƙarƙashin bene ba za su ce maka mugun mutum ba ne. Mutum ne mai sanyin hannu, ya iya sana'arsa, yana zaune a gidan haya da mahaifiyarsa da matarsa da 'yarsu tilo, wadda ake kira Kanari don bakinta ba ya hutawa da waƙa. Abu ɗaya ne ya shiga ransa ya yi kane-kane: tsofaffin sulalla, irin na daulolin da suka shuɗe tun ba a haifi kakannin kakanni ba.

A waya yake sayensu, wajen masu tallar kaya a intanet, kuma ya sha wuya a hannunsu kafin ya yi wayo. An taɓa aiko masa da dalma da aka shafa wa ruwan azurfa. An taɓa aiko masa da kwali babu komai a ciki sai murfin kwalba, ya koma neman mai kayan ya tarar ya rufe shafinsa. Daga baya ya kafa wa kansa ka'ida. Sai an nuna masa gaban sule da bayansa da gefensa, sai an ɗora shi a sikeli a bidiyo, sai ya karanta abin da waɗanda suka taɓa saye suka faɗa, kuma ba ya biya sai ya maƙala gilashin gyaran agogo a ido ya duba da kansa.

Inna, mahaifiyarsa, ba ta gajiya da tsokanarsa.

"Kuɗin da ake ci ka bayar ka sayo wanda ba a ci," in ji ta. "Kai wa mai kanti ɗaya mu gani ko zai ba ka sabulu."

Yakan yi dariya. Ya daina dariyar ne ranar da wani abokin harkarsa ya sayar da sule ƙwaya ɗaya ga wani attajiri na ƙasar waje, ya sayi gida da kuɗin. Daga ranar sha'awa ta koma yunwa. Yana gyaran agogon mutane hannunsa na aiki, zuciyarsa na can.

A wannan hali saƙo ya shigo masa daga wani mai suna Tsohon Hannu. Shafin ba hoto, ba wanda ya taɓa yabonsa ko kuka da shi. Hoton wani sule ya turo, irin wanda Mai Agogo bai taɓa gani ba sai a gidan adana kayan tarihi, bayan gilashi. Mai Agogo ya rubuta masa sharuɗɗansa kamar yadda ya saba. Amsar ta zo gajeriya: "Na riga na aiko. Ka duba a hannunka."

Kafin la'asar kwali ya iso shago, alhali bai faɗa wa kowa inda shagon yake ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ya tsaya. Amma sulen na gaske ne, nauyinsa daidai, tsufansa ba na haɗi ba ne, kuma abin da aka biya shi da ya sayar ya fi abin da gyaran agogo ke kawo masa a shekara. Shi da ya saba gindaya wa masu kaya sharaɗi, sai ga shi yana roƙo a ƙaro masa.

"Sauran ba a cinikinsu a waya," in ji Tsohon Hannu. "Ka zo."

Da rana tsaka ya je inda aka kwatanta masa, wani layin tsofaffin ɗakunan ajiya da yawancinsu ke kulle. Ɗakin farko bai bambanta da na kowane mai tallar intanet ba: kwalaye jibge, salatif, wayoyi a caji, ƙaramin tebur da ake ɗaukar hoton kaya a kai. Mutumin da ya tarbe shi ba tsoho ba ne ba yaro ba, rigarsa fes, sai dai yatsunsa sun rine kore-kore kamar tagullar da ta daɗe a ƙasa. Bai ba shi hannu ba. Ya ɗaga wani baƙin labule ya ce ya cire takalmi.

Ciki babu taga. Sanyi ya ratsa tafin ƙafarsa, warin jiƙaƙƙiyar ƙasa da ƙonannen gashi ya cika masa hanci. A tsakar ɗakin akwai tudun yumɓu da ya kai ƙirjin mutum, an manna masa sulalla ko'ina kamar ɓawon kifi, kowane da fuska, kuma a hasken 'yar fitilar da ke ƙasa sai ka ga kamar duk fuskokin sun juyo suna kallon wanda ya shigo. Gaban tudun an ajiye kwatarniya cike da baƙin ruwa. A samanta wani tsohon ma'auni ne a rataye, babu komai a kansa, amma yana lilo a hankali ba iska.

Mai Agogo ya nuna sulallan. "Daga ina kake samo su?"

"Daga bakin masu su," in ji Tsohon Hannu. "A zamanin da, mutane ba sa sallamar mamaci haka nan. Sukan sa masa sule a ƙarƙashin harshe, guzurin hanya. Ina da masu ɗauko mini."

"Nawa za ka bar mini?"

"Ka ga na yi kama da mai neman kuɗi? Wanda aka raba da guzurinsa sai an mayar masa da wani abu, amma wannan tsakanina da su ne. Kai adireshi kawai za ka ba ni, da wanda zai karɓi kaya."

"A kawo shago."

"Shago ba gida ba ne. Inda kake kwana nake so."

"To ni zan riƙa karɓa."

"Mai oda ba ya karɓa. Ka'ida ce."

Kada wani ya ce Mai Agogo bai gane ba. Bai san komai dalla-dalla ba, amma jikinsa ya ba shi, har ya juya ya kalli labule. Sai idonsa ya sake faɗawa kan tudun, ya hango gida da mota da girma a manne a jikin yumɓu, ya ce wa kansa ai karɓar kwali ba wani abu ba ne.

"Duk wanda aka samu a gida ya karɓa," ya ce.

"Ba ni za ka faɗa wa ba."

Tsohon Hannu ya ɓamɓaro sule ɗaya ya sa masa a ƙarƙashin harshe, ya tsoma masa hannun dama a cikin kwatarniyar, ya ce ya maimaita abin da ya faɗa. Ruwan ya kama hannun kamar ana riƙe da shi daga ƙasa. Ya maimaita, bakinsa cike da ɗanɗanon ƙarfe da jini, sannan ya tofa sulen a ruwa. Nan take gefe ɗaya na ma'aunin ya rinjaya ƙasa ya tsaya cak.

"An karɓi odarka. Ba a fasawa, ba a mayar da kaya."

Kwalin farko Inna ce ta karɓa a hannun wani mai babur da bai cire hular kwano ba. Ta miƙa wa ɗanta tana cewa ga wasu marasa sayen sabulun sun ƙaru. Cike yake. Cikin ɗan lokaci sunan Mai Agogo ya zaga wajen manyan masu tara sulalla, ana rububin kayansa. Ya rufe shago, ya sayi gida mai bene da katanga mai tsawo, ya sa Kanari a makarantar masu hali.

Inna ba ta daɗe a sabon gidan ba. Ta fara cewa bakinta ƙarfe-ƙarfe yake yi, ta daina cin abinci, ta daina tsokana. Likitoci suka duba ba su ga komai ba. Ta rasu muƙamuƙinta a ɗaure, masu wanka suka yi iya yinsu bai saki ba. Mutane suka ce tsufa ne, shi ma ya riƙe wannan maganar da hannu biyu.

Kwali na biyu ƙaninsa ne ya karɓa, wanda ya zo zaman makoki bai koma ba. Mai Agogo ya baje sulallan a kan tebur yana bin su da gilashi ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan wani na azurfa da ya sha duniya, gefensa duk ya cinye. Fuskar mace ce. Ga tabon da ke saman girar hagu, ga yadda take tura ɗaurin ɗankwali gaba. Inna ce, bakinta a rufe gam.

Ya daɗe zaune da ita a tafin hannu. Wayarsa ta yi ƙara, wani attajiri ne yana tambaya ko akwai sabon abu wanda ba kowa ke da shi ba. A nan ne ya kamata ya tsaya. Sai ya gyara fitila, ya ɗauki hoton gaba da baya, ya tura.

Ƙanin nasa a cikin mota aka same shi a ƙofar gida, zaune, haƙora a datse.

Matarsa ce ta ga hoton a wayarsa tana neman lambar wani ɗan'uwa. Ta same shi a ɗaki.

"Baban Kanari, me Inna take yi a jikin kuɗi?"

"Kama ce kawai."

"Har da tabon? Inna ta karɓi kwali ta tafi. Ƙaninka ya karɓa ya tafi. Mu biyu muka rage maka. Wa ka sa a gaba, ni ko ita?"

Ya durƙusa ya faɗa mata komai. Ba ta yi kuka ba. Ta fita ta sa wa ƙofar gida kwaɗo, ta cire Kanari daga makaranta, ta hana ta ko leƙa waje.

Ya rubuta wa Tsohon Hannu yana roƙo a fasa, a karɓi gidan, a karɓi komai. Amsa ta zo: "Kaya suna hanya." Ya garzaya layin ɗakunan ajiya ya tarar da ɗakin wayam, yanar gizo-gizo ko'ina, maƙwabta suka ce sun manta rabon da wani ya kama hayarsa. Suka sayar da gidan suka koma wata unguwa ba su faɗa wa kowa ba. Washegari da safe ga mai babur a bakin ƙofa.

Mai Agogo ya fita da gudu ya miƙa hannu biyu. "Ba ni, nawa ne."

"Ba kai ba," in ji murya daga cikin hular. Ya ja babur ɗinsa tsallaken titi ya tsaya, kwali a cinya. Rana ta doke shi, ruwa ya doke shi, bai gusa ba. Maƙwabta kuwa suka ce su ba su ga kowa ba.

Uwar Kanari ta daina barci. Tana zaune a tsakar gida ido a kan ƙofa, tana cewa tana jin ƙarar sulalla a cikin bango, a tukunya, a famfo. Mutum dai ba ƙarfe ba ne. Wata azahar gyangyaɗi ya sace ta, Mai Agogo kuma yana ɗaki yana ta kiran lambar Tsohon Hannu da ba ta shiga. Kanari na wasa tana rera waƙarta, aka ƙwanƙwasa 'yar tagar da ke jikin ƙofa a hankali. Yarinya ce mai ladabi, an koya mata gaida baƙo.

Ta shigo ɗaki da kwali a rungume. "Baba, ga saƙonka. Na ce masa an gode."

Daga ranar ba a ƙara jin waƙa a gidan ba. Ta rame a gabansu, tana nuna bakinta tana cewa akwai abu a ciki, uwar na buɗewa ba ta ganin komai.

Bayan an binne ta hankalin uwar ya tafi. Takan kama duk wanda ya shigo gaisuwa ta ce ya buɗe baki ta duba. Amma abu ɗaya bai ɓace mata ba: ta san wanda ya tafi a kwali na gaba yake dawowa. Da mai babur ya sake bayyana, ita da kanta ta zare kwaɗo. Mai Agogo ya riƙe ta, ta fizge da ƙarfin da bai san tana da shi ba.

"'Yata ce a ciki," ta ce. "Ba za ka sayar da ita ba."

Ta karɓa, ta yage kwalin a tsakar titi, ta tsinto ɗan ƙaramin sule mai fuskar yarinya, ta sa a baki ta rufe. 'Yan'uwanta suka zo suka tafi da ita. Ba ta ƙara magana ba har ta cika, kuma da sulen aka binne ta, don ba wanda ya iya buɗe bakin.

Dukiyar ta bi ta hanyar da ta zo. Mai Agogo ya shiga neman sulen Inna ya fanso shi, masu tallar intanet suka ji labarin akwai wani mai biyan ko nawa ne a kan fuskar wata tsohuwa, suka yi masa ca. Shi da ya fi kowa iya gane jabu ya koma biya kafin ya gani, har abin hannunsa ya ƙare tas.

Yanzu yana wani ɗaki guda a bayan gari, shi kaɗai. 'Yar'uwar Inna ta zo ta ce za ta zauna ta kula da shi, ya kore ta da jifa, mutane suka ce hauka ne. Ba ya yarda kowa ya kwana a wurinsa, ko baƙon da ruwa ya tare. In ka tambaye shi dalili sai ya nuna maka tsallaken titi, inda kai ba ka ganin komai, ya ce mai babur na nan da kwali, jira yake a samu wani a gida.

Duk wanda kwaɗayi ya kai shi inda ake ba da dukiya ba a faɗi farashi ba, ya sani an riga an yanke farashin, kuma ba daga aljihunsa za a cire ba. Daga cikin waɗanda suka yarda da shi za a zaɓa, waɗanda za su buɗe ƙofa da fara'a don sun ji an ce saƙon nasa ne. Shi kuma za a bar shi da rai da cikakken tunani, ya daɗe yana sanin abin da ya yi.