Littattafan Aro

Ranar da Karimatu ta fara ganin Jafar, hannunta duk gam ne. Tana durƙushe a laburaren tsangayar da take aiki, tana liƙa farar takarda a kan hatimin wata makaranta da ke cikin bangon kowane littafi.

Masu tantance kwasa-kwasai ne ke tafe, kuma kowa a jami'ar ya san yadda ake tarbarsu. A aro littattafai daga maƙwabta a cika kantoci, baƙi su gani su sa hannu, suna juya baya mota ta zo ta kwashe. Ba mai kiran abin ƙarya, shiri ake ce masa.

Sai ga wani dogon saurayi, sabon malamin tarihi. Ya ɗauki littafi ɗaya ya rungume kamar ya ga ɗan'uwansa.

"Tun ina ɗalibi nike biɗar wanga! Za a ba yarana aro?"

"Shi ma aro ne, malam," in ji Karimatu. "An hana a taɓa."

Ya dube ta, ya dubi gam ɗin, murmushinsa ya ragu. Ita kuwa kunya ta kama ta, ba ta san dalili ba.

Baƙin suka yi ta ɗage zuwansu, littattafan suka yi watanni a kulle. Kullum sai Jafar ya zo ta buɗe masa ya karanta, wai karatu, alhali shafi ɗaya yake wuni a kai. Kafin a ankara ya san hanyar gidansu a unguwar Mabera, har mahaifinta Farfesa Ɗayyabu, shugaban tsangayar, yana kiransa ɗana. Kullum da dare sai sun yi musayar saƙo a waya.

"Karimata, yau na koyar da yaƙe-yaƙe uku, amma wanda ke cikin zuciyata ya fi su zafi. Kin ci abinci?"

"Malamina, ka rage daɗin baki. Na ci. Allah ya bar min kai."

Da baƙin suka iso, an ja wa kowa kunne cewa Farfesa kaɗai zai yi magana. Amma wata dattijuwa a cikinsu ta juya ga Jafar, ta tambaye shi ko ɗalibansa na amfana da littattafan nan.

Karimatu na tsaye a bayan kantar littattafai, tana roƙonsa da ido. Ya gan ta sarai.

"Hajiya, ba su taɓa buɗe su ba," ya ce. "Ba namu ba ne. Yaranmu takardun da anka kwafa tun zamanin malamanmu suka karantawa."

Abin da ya biyo baya ba daɗin faɗi. Aka hana kwas ɗin ɗaukar sababbin ɗalibai, aka sauke Farfesa daga kujerarsa, aka kafa kwamitin ladabtarwa. Farfesa ya dawo gida ya tsufa a yini ɗaya.

"Yaron da yac ci mutuncina gaban baƙi ba ya ƙara taka gidan ga," ya ce. "Kin ji ni, Karima?"

"Na ji, Baba."

Ta ji, amma zuciya ba ta ji ba. Sai da Mustapha ya zo. Ma'aikaci ne a ofishin rajistara, ya daɗe yana nemanta tana kaucewa. Ya zauna yana sosa ƙeya kamar mai jin nauyin magana.

"Ban so in gaya maki ba. Kwamiti sun tambai wa yal liƙe hatimi, sai mutumin naki yab ba da sunanki don ya tsira da aikinai."

A ranar Karimatu ta yi kukan da ba ta yi ba tun rasuwar mahaifiyarta. Saƙon Jafar ya shigo tana cikin kukan.

"Karimata, na san na jawo wa gidanku baƙin ciki. An tambaye ni ne, na kasa ƙarya. Ki bar ni in ji muryarki ko sau ɗaya."

"Ka riƙe gaskiyarka, malam. Ta yi mana tsada." Ta tura, ta toshe lambarsa.

Daga nan ta bar Mustapha yana zuwa zance. Yana surutu, tana kallon tabarma. Ta rame, zobenta ya riƙa zamewa daga yatsa. A wurin aiki ba wanda ya tuhume ta, ta ɗauka albarkacin mahaifinta ne. Ta ji an kori Jafar, ta ce alhakinta ne, sannan ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Ranar da magabatan Mustapha suka aiko a sa musu rana, Farfesa ya kira ta bayan la'asar. Ta same shi yana jan carbi.

"Kina son yaron ga?"

"Duk wanda ka zaɓa min, Baba."

"Ba ita nit tambaye ki ba." Ya ajiye carbin. "Ina cikin ɗakin ranar da anka zauna da Jafar. Sun ce mai ya janye maganatai, ko ya hwaɗi wanda yal liƙe hatimi, a bar mai aikinai. Yac ce magana ba ya janye ta, suna kuwa ko za a yanka shi ba ya hwaɗi. Shi ya sa anka kore shi."

Karimatu ta ɗago. "Baba, ka sani? Duk watannin ga?"

"Na sani, ɗiyata. Hushi ya hana ni magana."

Ba ta taɓa ganin hawayen mahaifinta ba sai ranar.

Washegari ta tafi kasuwa da ƙanwar babanta. Suka samu Jafar a shagon atamfar mahaifinsa, mutumin da ɗalibai ke cika aji don su saurare shi, yana auna yadi. Ya gan ta, almakashi ya faɗi daga hannunsa.

"Malamina," ta ce. "Ka yahe min."

"Ba ni da aji yanzu, Karimata. Ba ni da komi sai shagon ga."

"Ni ɗaliba guda ban ishe ka ba?"

Ya juya fuskarsa ga atamfofi don kada maƙwabta su ga idonsa.

Aka mayar wa Mustapha kayansa. An ɗaura aurenta da Jafar wata Asabar, aka kai amarya gidansa a unguwar Ƙofar Taramniya. Daga jami'a ba a ga mutum biyar ba, kowa na tsoron a gan shi a bikin korarre. Aikin Jafar bai dawo ba, kujerar Farfesa ma haka.

Kafin a fita da ita, Farfesa ya sa aka shigo da ango, suka durƙusa a gabansa.

"Jafar, har yanzu zuciyata ba ta huce da kai ba, ban ɓoye maka. Amma na duba duk Sakkwato ban ga wanda zan ba amanar ɗiyata in yi kwana da daɗi ba sai kai." Ya ɗora hannu a kan Karimatu. "Ku tashi. Allah shi yi maku albarka, shi ba ku ɗiyan da ba su jin tsoron hwaɗin gaskiya, ko da a gabana ne."

Karimatu ta ce amin cikin mayafi, hawaye na sauka a kan lallenta.