Ɗankwalin da Ba a Wanke Ba

Kuka ne ya haɗa su. Ranar ana ruwa tun hantsi, ɗakin yara na asibitin ya yi duhu da rana tsaka, fankar sama tana ƙara kamar ana tura tsohuwar ƙofa a hankali. Wani saurayi mai gyaran firji yana tsaye bakin gado da 'yar yayarsa a kafaɗa, yarinya 'yar shekara biyu, ƙafarta a ɗaure. Ta yi kuka har murya ta dishe. Uwarta tana can ɗakin mata ba ta san inda kanta yake ba. Mota ɗaya ce ta buge su.

Sai kukan ɗakin ya fara ɗaukewa. Daga gadon bakin ƙofa ya faro, gado bayan gado, kamar ana bi ana kashe fitilu. Yaran suka juya ido wuri guda. Wata siririyar nas ce ta shigo, ko ƙarar takalminta ba a ji.

"Kawu, ina uwar yarinyar?"

"Ba ta farfaɗo ba, Sista."

"Je ka kwanto mini ɗankwalin kanta. Kada ka kakkaɓe shi."

Ya je ya kawo. Ta yafa shi a kafaɗa ya rufe farin kayanta, ta murza tafukanta suka yi ɗumi, ta karɓi yarinyar ta kifa fuskarta a kai. Ba waƙa, ba rawa, gunji kawai take yi can ƙasan maƙoshi. Yarinya ta shaƙa, ta sake shaƙa, ta ja ajiyar zuciya, jikinta ya saki.

"Sista, me kika tofa mata?"

"Ƙamshin uwarta take nema. Kai kuwa warin man inji kake yi, ko ni sai na yi kuka."

Ya yi dariya, karo na farko tun ranar hatsarin. Daga nan zuwa dubiya ta zama sau uku a yini, har masu gadi suka daina tambayarsa wurin wa ya zo.

Ya rubuta mata: "Sanyina, yau na yi wanka da sabulu biyu. Ko za a ɗauke ni?"

Ta amsa: "Kawun mutane, ka wuce kilon da nake ɗauka. Amma ka zo, ina nan har la'asar."

Ya ce: "Idan Yaya ta tashi, ita zan fara turowa gidanku."

Yaya ba ta tashi ba.

To, a nan ne 'yan baƙin ciki suka sami ƙofa. Akwai wata nas mai jan baki da ta daɗe tana kai masa waya caji a shagonsa tana kashe murya, bai ko kalle ta ba. Ita ce ta ja Innarsa gefe a wurin gaisuwa, gawa ko sanyi ba ta yi ba, ta ce, "Inna, ba gulma ba, amma kin taɓa ganin mutum ya shiga ɗaki yara su yi tsit? Ta karɓi ɗankwalin 'yarki, 'yarki ta tafi. Ki je ki ga lokarta, inda take ajiye kaya a asibiti."

Inna ta gaya masa, shi ne ya je. Ƙofar lokar a buɗe take, a wani lungu da kwan fitilarsa ya mutu. Ledoji ne jere, kowace an ɗaure bakinta tam, cikin kowace ɗankwalin wata mata. Na yayarsa yana sama. Can cikin ɗakin yara ba motsi, sai fankar nan. Ya ja da baya.

Da ya buɗe baki ya tambaya, da an gaya masa cewa na iyayen da ke kwance ne da waɗanda suka tafi nema, ana ɗaurewa don kada ƙamshin ya fita, a mayar ranar sallama. Bai tambaya ba. Namiji guda, da gemunsa!

Inna ta kai ƙara ofishin shugabar nas-nas, ta yi kururuwa har baranda ta cika. "Mayya ce! Ta ci 'yata, yanzu ɗana take so!" Aka ce Sista ta zauna a gida sai an bincika. Waɗanda ta goya wa 'ya'ya suna tsaye, ba wadda ta kare ta.

Saƙonta ya shigo: "Kai ma ka yarda?"

Ya karanta, ya kife wayar.

Aka sallami yarinya, aka kai ta gidan Inna. Nan kuka ya dawo sabo. Inna ta riga ta wanke kayan marigayiya kaf ta rabar, ko tsumma bai rage ba. Yarinya ta ƙi abinci, ta ƙi goyo. Sai ta zuba wa ƙofar ɗaki ido, ta miƙa hannuwa ga wanda babu mai ganinsa, ta saki wani siririn kuka da ke sa maƙwabta rufe taga. Wuyanta ya fara langaɓewa.

Ya ɗauki waya ya rubuta wa Sista: "Na cuce ki, Sanyina, ban da bakin magana. Amma yarinya za ta bi uwarta."

Amsar gajera ce: "Ina zuwa. Ba don kai ba."

Ta iso da ledar ɗankwalin Yaya a hannu. Inna ta tare ƙofa.

"Ba za ki taɓa mini jika ba."

"Ba sai na taɓa ta ba, Inna. Ungo. Ke za ki yafa."

Inna ta kalli ledar kamar maciji ne a ciki. Kukan ɗaki ya sake tashi, can ƙasa-ƙasa. Ta fizge, ta kwance da haƙori. Ƙamshin ya bugi fuskarta, man gashin 'yarta ne da zufarta, kamar yanzu ta shigo daga kasuwa. Tsohuwa ta rungume ɗankwalin.

"Ɗora a kafaɗa," in ji Sista daga bakin ƙofa. "Ɗumama hannunki tukuna. Kada ki jijjiga ta da ƙarfi."

Yarinya ta cusa hanci a ɗankwalin, ta ce "Mama," ta yi luf. Gidan ya yi tsit. Kukan da ya rage na Inna ne.

Washegari Inna ta koma barandar nan da ƙafarta, ta ɗaga murya daidai yadda ta ɗaga a da. "Ni na ce mayya ce, ni na yi ƙarya! Ku maido ta bakin aikinta!" Mai jan baki ta shige banɗaki ta kulle. Har yau ba ta nemi gafara ba, kuma ana jiranta.

Shi kuwa sai da ya sha wuya. Ya yi sintiri a ƙofar gidansu har takalminsa ya cinye, kafin ta leƙo.

"In ka sake jin tsorona, me za ka yi?"

"Zan tambaye ki."

"To shigo ka gaida Baba."

Ranar da aka kai ta gidansa amarya, Inna ce ta riƙo hannunta har ɗaki, jikar tana maƙale a bayan amarya ta ƙi sauka. Inna ta dafa kansu su uku ta ce, "Allah ya ba ku naku, ya raya wannan a tsakaninsu. Wanda ya sake ɗaga miki murya, 'yata, da ni zai yi."

Aka ce amin, har da ango, da ƙarfi ya fi kowa.