Kukan da ke Cikin Bango

Ranar da ruwan farko ya sauka a Warra, da la'asar, na tarar da Zaidu tsaye a zaurenmu jiƙe sharkaf, ba hula.

"Mariya... ɗakinki na kuka."

Na yi dariya, don na saba da zolayarsa. Shi bai yi ba.

"Wallahi bango na kuka. Inna ta ji, mata duk sun ji. Ta ce a fasa auren."

Saura kwana kaɗan a ɗaura mana aure. Ɗakin da yake nufi kuwa shi ne wanda ya gina mini da hannunsa a gidansu, ko ƙofarsa ban taɓa gani ba, don amarya ba ta taka gidan miji kafin a kai ta.

Ni dai tun ina ƙarama aka san ni da son abin da ake gudu. Innata ta rasu ina goye, aka binne ta a tsohon ƙauyenmu, ba a jima ba tafki ya shanye ƙauyen da maƙabartarsa. A Yelwa na tashi, gidan kawuna. Can aka kawo talabijin gidan kallo, baƙi da fari, sai an yi ta juya eriya kafin tashar Sakkwato ta tsaya. Akwai wani wasan yara da dodo ke fitowa daga tafki, jikinsa duk gansakuka, yana tafe yana ɗigar ruwa. Da ya leƙo sai yara su watse, wasu har takalma suke bari. Ni kuwa gaba nake matsawa. Ina so in ga fuskarsa, in san me ya baro a ƙarƙashin ruwan.

Da na dawo Warra wajen Babana masunci, abin ya ƙaru. Na ajiye minjirya, kifin nan mai lantarki, a tsohon tulu har ta girgiza ni, hannuna ya yini a sake. Kullum yamma ina bakin tafki ina jiran ayu, ƙatuwar dabbar ruwan nan, ta ɗago hanci ta ja numfashi irin na mutum. A nan Zaidu ya fara ganina, shi ɗan manoman tudu ne da suka sauko daga Shanga. Ya sa mini suna Uwar Dodanni, kuma daga bakinsa sunan daɗi yake mini.

Daga bakin Lami kam ba daɗi. 'Yar ƙanen babansa ce, wadda ta daɗe da gama jeren ɗakinsa a zuci. Ita ta bi gida gida tana cewa ina da miji a ruwa, wai shi nake zuwa gaisarwa. Inna Delu, mahaifiyar Zaidu, ta yi ta toshe kunne, sai ga shi yau bango ya tsaya wa Lami shaida.

"Kai ma ka yarda?" na tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai. "Ban san mi na yarda da shi ba, Mariyata. Na dai ji shi da kunnena."

Wannan amsar ta fi mini ciwo da duk abin da Lami ta faɗa. Na ja mayafi na fita cikin ruwan. Yana bina yana roƙon in tuna al'ada, na ce masa in an fasa aure ai ni ba amaryar kowa ba ce, al'ada ta jira ni.

Mata sun rakuɓe a rumfar tsakar gidansu, an cika wurin da hayaƙin turare. Lami na ganina ta ce su duba, mijin ruwan ne ya kira ni na amsa. Ban ko kalle ta ba. Na durƙusa gaban Inna Delu cikin taɓo.

"Inna, ku gafarce ni, na taka inda ba a takawa. Ku bar ni in ji shi."

Ta dube ni ta daɗe. "Ke ɗiyar ga, ba ki jin tsoro?"

"Ina ji, Inna."

Ta kau da kai, na ɗauki wannan a matsayin izini.

Ɗakin dum, ba komai ciki sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ruwa ya taru a waje ya jiƙa gindin bangon gabas. Na tsaya shiru har na fara jin kunyar kaina. Sai ga shi, siriri, can ciki, kamar jinjirin da aka rufe wa baki da zane.

Na durƙusa na kanga kunne, a nan na lura ƙasar gindin bangon ba ja ba ce irin ta sauran ginin. Baƙa ce, da gutsattsarin katantanwa a jikinta.

"Zaidu, ina ka samo wagga ƙasa?"

Yana bakin ƙofa, ya kasa shigowa ya kasa tafiya. Da ƙyar ya faɗa. Wai da bazara ruwa ya ja baya har kufan tsohon ƙauyenmu ya bayyana, ya roƙi Babana ya nuna masa inda ɗakin Innata yake. Ya yanko ƙasar wurin gunduwa gunduwa, ya ɗauko a jirgi, ya hana a kwaɓa ta, ya jera ta yadda take a gindin bango.

"Kin ce ko hotonta ba ki da shi. Na ce bari ki kwana cikin ƙasarta... sai ranar biki na so in gaya miki."

Mata suka ɗau salati. Wata ta ce ashe mamaciya aka ɗauko, suka ƙara ja da baya.

Ni kuwa tsorona ya tafi gaba ɗaya, Allah ya gafarta mini. Fata na yi. Na sa yatsu cikin ƙasar da ta yi laushi ina tono, kukan na matsowa.

"Inna...?" na ce a hankali.

Ƙasa ta ɓarke. Wani abu dogo mai santsi ya sulalo kan cinyata, naɗe da busasshen yauƙi, da ƙananan idanu da ƙafafu kamar zare. Ya buɗe baki ya yi kukan nan.

Gaiwa ce. Kifin da ke binne kansa a laka in ruwa ya janye, ya yi ta cin jikinsa har damina ta tashe shi. Ɗan masunci ba ya gini da dunƙulen bakin tafki, amma mutumin tudu ina zai sani?

Dariya ta ɓarke a rumfa, Lami ta zame ta ƙofar baya. Na ci nasara ke nan, amma ban ji daɗin komai ba. Na rungume kifin nan mummuna na fashe da kukan da ban taɓa yi ba.

Ban ji shigowar Inna Delu ba, sai hannunta a kafaɗata.

"Wa kika kira ɗazu?"

Na ƙara ƙanƙame kifin.

Ta juya wajen ƙofa, dariyar ta mutu. "To kun dai gani. Ba miji ɗiyar ga ke nema ga ruwa ba." Ta kama yatsuna ta goge lakar da haɓar zanenta, ɗaya bayan ɗaya. "In kin ƙara kira, ni zan amsa."

Kafin magariba ni da Zaidu muka kai gaiwar bakin tafki. Ya yi ta ba ni haƙuri, na ce a duniya ba wanda ya taɓa yi mini kuskure mai daɗin nasa. Aka ɗaura aure a ranarsa, ya liƙe ramin da jar ƙasa, har yau ana gane wurin.

Inna Delu ta cika alkawari. Ko daga ina na kira, ko tana tsakiyar daka, sai ta amsa, har ranar da muka raka ta da ido aka fita da ita zuwa maƙabarta.

Zaidu ya san halina, duk ranar ruwan farko yakan janye yara ya bar mini ɗakin. Nakan durƙusa a gindin bangon gabas in kanga kunne.

"Inna," nake cewa, sai in jira.