Hannu Mai Laushi a Shagon Kafinta

Ƙarfe goma na safe ne, ruwan da aka tashi da shi bai daɗe da ɗaukewa ba, indararo na ta ɗiga a bakin tagar ɗakin koyar da kiɗa. Mai Piyano, kamar yadda kowa ke kiransa, yana zaune bisa wani tsohon akwati, don kujerarsa ta tafi gyara. Kiɗa bakwai ya tsara da kansa domin wasansa na farko a babban zaure. Shida sun kammalu, na bakwai kuwa kullum in ya kai wata gaɓa sai ya cije.

Sai ga sallama. Wata budurwa ce rungume da kujerar.

"Daga shagon kafinta. Baba ya gyara ƙafar, ni na ɗinka kushin." Ta ajiye, amma ba ta juya ba. "Malam, in yi tambaya? Tun ina ƙasan bene, sau huɗu kana zuwa wuri ɗaya kana tsayawa. Kare ne a hanyar?"

Dariya ta kama shi. "Hanyar ce ta ɓace mini."

"To ka koma inda ka fito mana. Ai haka ɓatacce yake yi."

Ya dube ta, ya dubi piyano. Ya maido sautin farkon kiɗan a hankali, da murya ƙasa-ƙasa, sai ga abu ya zauna daram. Ko da ya ɗago, tana murmushi, shi kuwa ya manta ma da kiɗan.

Daga ranar ya sa mata suna Kunnena, ita kuma tana ce masa Yatsu Goma. Duk abin da ya tsara sai ya naɗa a waya ya tura mata.

"Kunnena, saurari wannan. In bai yi ba ki faɗa, kada ki ji tausayina."

"Yatsu Goma, farkon ya yi daɗi, tsakiyar kamar kana sauri za ka kama mota. Ka ci abinci kuwa?"

Da magana ta yi nisa, ya je gaida mahaifinta a shago. Tsohon ya miƙo hannu ya damƙe nasa kamar an sa a matsi. Mai Piyano bai san sanda ya janye ba. Tsohon ya dai kalle shi.

Ana cikin haka mota ta kawo manyan ƙofofi. Akwai wani ɗan kwangilar gini a wurin, wanda ya daɗe yana sayen kaya a shagon, ya kuma daɗe yana neman yarinyar. Ya tuɓe riga ya saɓa ƙofa guda shi kaɗai.

"Malam makaɗi, kama mana ɗaya mana!" in ji mahaifinta.

Mai Piyano ya tsaya cak. "Baba, a yi mini haƙuri, hannuwana ne…"

"Ƙwai ne a ciki?" in ji tsohon. Shago ya ɗauki dariya.

Da yamma saƙonta ya shigo:

"Baba ya ce wanda ya kasa ɗaukar ƙofa ba zai iya ɗaukar gida ba. Ya ce in ba ɗan kwangila amsa ƙarshen wata. Da ka taɓa ko gefen ƙofar ne. Yau ka sa na rasa bakin kare ka."

Ya kira, ba ta ɗauka ba. Kwana uku shiru. Yana zama gaban piyano ya yi ta kallon hannuwansa. Tun yana ɗan shekara takwas ake hana shi wasan ƙwallo da hannu, ko murfin kwalba mai tauri ƙanwarsa ke buɗe masa. Bai taɓa jin kunyar haka ba sai yanzu.

Saura kwana goma wasansa, ya yi sammako zuwa shagon.

"Baba, aiki na zo nema."

Tsohon ya jefa masa takardar goge katako. Kwana biyu yana guga har tafinsa ya yi bororo. Ita tana can kusurwa da keken ɗinkinta, in ya kalle ta sai ta sunkuyar da kai, idonta jawur.

Rana ta uku, lokacin hutu, kowa ya fita. Shi kuwa ya ɗora yatsunsa bisa wani katako yana ta gudu da su, babu sauti, ya kai ƙarshe ya dawo. Bai san tsohon na tsaye a bayansa ba.

"Me kake yi?"

"Bita, Baba. Akwai wurin da ƙaramin yatsa yake makara."

"Sau nawa ka maimaita?"

"Kamar arba'in."

"Kullum haka kake yi?"

"Awa shida. Shekara goma sha tara ke nan."

Da aka dawo aiki, Mai Piyano ya ga katako na jiran yanka, ya sa hannu ya ɗauki zarto. Ita ta miƙe tsaye, "Yatsu Goma, kar ka yi!"

Kafin ta rufe baki mahaifinta ya fizge zarton. Ya ɗaga hannunsa na hagu gaban fuskar saurayin. Babu yatsa ɗaya.

"Ka ga wannan? Da tara na yi shekara talatin ina aiki. Kai za ka iya da tara?"

"A'a, Baba."

"To wane sakarci ya sa ka kawo jarinka bakin zarto? In ka yanke, da me za ka riƙe 'yata?"

"Ban ga wata hanyar da za ku yarda da ni ba. In ba ita, kiɗan ma ba zai fito ba."

Tsohon ya girgiza kai. "Ni ko gudumata ba na bayarwa aro. Ashe kai ma kayan aikinka kake tsarewa ran nan, na ɗauka girman kai ne. Tafi ka jiƙa hannun nan. Ka aiko mini da katin shiga. Ba na yanke hukunci kan aikin da ban gani ba."

Ranar wasan, da la'asar, zaure ya cika. Tsohon na layin gaba, ya harɗe hannu, idonsa na kan yatsun nan tun daga kiɗa na farko har na bakwai. Da aka gama tafi ya same shi a bayan labule, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

"Ni dai ban gane kiɗan ba," in ji shi. "Amma na ga haɗi, babu giɓi, babu ƙusa a waje. Ka turo manyanka."

Kafin Mai Piyano ya isa gida saƙo ya riga shi:

"Yatsu Goma, ka yafe mini shirun da na yi. Ƙaramin yatsan da Baba ya ce kana yi wa bita bai makara ba, na saurara."

"Kunnena, ai don ke ya yi sauri."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Ɗan kwangila ma ya zo, ya yi fatan alheri. Iyaye suka sa albarka, aka roƙi Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ta gari.

Mako guda da tarewa, tsohon ya leƙo ganin ɗakin 'yarsa. Ya tarar ango na naɗar sabon kiɗa, amarya na zaune gefensa ta lumshe ido. Iska na kaɗa ƙofar falo tana ƙara, ango na tsayawa yana sakewa daga farko. Tsohon ya laluba aljihu ya fito da 'yar kwalbar mai, ya ɗiga sama da ƙasa, ya gwada ƙofar sau biyu. Shiru. Ya ja ta a hankali, ya sauka abinsa, kiɗan na biye da shi har bakin titi.