Mazaunin da Ya Ƙi Karɓar Faifai

Bayan sallar isha aka ɗauke wuta. Muna zaune a tsakar gida sai Yaya Balaraba, 'yar kawunmu mai aikin kwamfuta a wani asibiti, ta ce, "Ku matso. Wannan ba a faɗinsa da ƙarfi."

Muka matsa.

Ta ce, "Ranar wata Juma'a ce, tsakar rana. Mazan ofis duk sun tafi masallaci. Ni kaɗai a ɗakin manyan kwamfutoci, waɗanda muke kira saba. Na rubuta jerin umarni da zai saita su da kansa, su goma sha biyu. Sha ɗaya suka ɗauka lafiya. Ta ƙarshe ta ƙi.

"Faifan ajiya ne ya ƙi zama a mazauninsa, wato wurin da aka ware masa a cikin sabar, kuma a cikinsa bayanan marasa lafiya suke. Ana ta kirana daga ɗakin haihuwa. Wata mata na zubar da jini, suna son ganin tarihin jinyarta.

"Na duba lambar faifan, daidai. Na duba izini, daidai. Na sake turawa. Amsa ɗaya allon yake ba ni: akwai mai amfani da wurin. Na buɗe mazaunin. Wayam.

"Na zargi Tasi'u, abokin aikina, don ya cika tsokana. Na duba wa ke cikin sabar. Sunana kaɗai.

"Sai na ji tari.

"Wani tsoho ne zaune a ƙasa, jingine da sabar. Farar riga, alƙalami a kunne. Ƙofar nan ba ta buɗewa sai da yatsan ma'aikaci, kuma ban ji ƙararta ba. Na ce a raina ɓarawo ne. Na jawo sukundireba kusa.

"Na ce, 'Baba, wa ya shigo da kai?'

"Ya ce, 'Ke kika same ni.'

"Bakinsa a gabana yake motsi, amma muryar daga bayan kunnena take fitowa."

Ƙanwata Ummita ta riƙe hannuna gam.

"Ya ce, 'Sau bakwai kina ɗora mana kaya a ka. Ko sallama babu.'

"Na ce, 'Ban san da kowa ba.'

"Ya ce, 'Allon bai gaya miki ba?'

"Na sunkuyar da kai. Rigarsa ta sauka har ƙasa, ta kwanta shafe. Babu alamar ƙafa a ƙarƙashinta. Na fara Ayatul Kursiyyu a zuci. Bai motsa ba, sai ya jira na kai ƙarshe, ya ce, 'Kin tsallake kalma ɗaya.'

"Waya ta sake ƙara. Na ce, 'Baba, rai ne a hannuna.'

"Ya ce, 'To yi masa wani mazaunin. Wannan ki bar mana.'

"Na buɗe sabuwar folda, wato sabon mazauni, na canza layi ɗaya a cikin umarnin, na tura. Nan take faifan ya zauna. Na kira ɗakin haihuwa suka ce sun gani. Da na waiwaya, ba kowa."

Na ce, "Yaya, matar fa?"

"Ta rayu, ita da jaririyarta."

"Tsohon mazaunin fa?"

Ta ce, "Na cire shi daga jerin umarnin, na rubuta a gefe: kada a taɓa. Sau ɗaya na leƙa. Ba wayam yake ba kuma. Sunaye ne jere, da ciwon kowa, da maganinsa. Ba namu ba ne. Na farkon mace ce, shekarunta ɗari huɗu da goma, tana naƙuda."

Ba wanda ya yi motsi.

Ta ce, "Su ma suna da marasa lafiya. Don haka duk inda kuka tarar wayam amma aka ce muku da mai shi, ku yi sallama, ku nemi wani wurin. Kuma kada ɗayanku ya kuskura ya shiga irin ɗakin nan shi kaɗai rana tana tsaka."