Mai Jifan Tagar Auta

Magariba ta yi, aka ɗauke wuta kamar kullum, ƙarar janareto ta taso daga can baya. Inna na kwashe kwanuka sai ta ji tas! Dutse ya sake fasa gilashin tagar Auta, 'yarta ta ƙarshe. Ta leƙa waje, ko kaza babu.

Haka ake ta yi tun shigowar sanyi. Auta ta kwanta da ciwon kai, ta tashi da amai, wani lokaci ta sulale ƙasa ido a kafe. Inna ta liƙe tagar da kwali, ta cusa tsumma ƙarƙashin ƙofa, ta ƙara turare a kasko har ɗakin ya turnuƙe. Baiwar Allah, iyakar dabararta ke nan.

Ranar da aka girgiza Auta ta ƙi farkawa, maigida ya ɗauko malam. Malam ya daɗe yana karatu. Can bakin yarinyar ya motsa, muryar tsoho ta fito a shaƙe.

"Wane ne kai? Me ta yi maka?" in ji malam.

"Ni? Tun ba a aza tubalin gidan nan ba nake nan. Ni nake fasa tagar don iska ta shigo mata. Ina fasawa, uwarta na toshewa, tana bi na da turare. Sakayyata ke nan."

Inna ta dubi kaskon turarenta. Muryar ta ci gaba.

"Ba ni ke kashe ta ba. Ku duba sito, akwai kafa a bangon, daidai kan gadonta. A fitar da abin da ke cikin siton, a buɗe tagogi, a kashe kaskon nan, ni kuma in bar muku gidanku. Na gaji da ku."

Auta ta yi atishawa, ta yi luf.

Inna ta sungume ta zuwa waje, ta tsaya a kanta har numfashinta ya daidaita. Sannan ta zaga, ta fizge makullin sito daga hannun maigida. Ga janareto nan a ciki, yana ta feso hayaƙi.

"Baban Auta, ba ka rantse mini ka mayar da shi rumfa ba? Mai gyara bai ce hayaƙinsa na kisa ba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ya faɗa. Amma ke ma kin san ɓarayin unguwar nan. Janareton sabo ne fa."