Gidan da Ba a Ganin Hayaƙinsa

Kun ga layin gas ɗin nan da ya miƙe a titin Yelwa har ya sha kwana. Kun gan shi sarai. Wasunku sun ɗaga gilashin mota, wasu sun ce wa mai keke ya ƙara wuta, kowa ya ce Allah ya kyauta, ya wuce abinsa. Babu wanda ya tsaya ya tambayi kansa da me zai dafa wa yaransa abinci ranar da aka wayi gari babu gas, babu lantarki, gawayi kuma ya yi ɓatan dabo. To, a cikin layin da kuka kau da kai daga gare shi akwai wata yarinya zaune a kan tukunyar gas ɗin gidansu. Sunanta Khairat.

Daga cikin gari ta taso tun da safe, don an ce mata nan kaɗai ake samu. Ta zauna, ta miƙe, ta leƙa gaba, ta dawo. Layi bai motsa ba.

A gefenta akwai shagon kafinta. Wani dogon saurayi yakan fito jefi-jefi, ya ɗan karkata wani akwatin katako mai murfin gilashi, ya dubi sama, ya koma ciki. Da abin ya ishe ta sai ta ce, "Malam, ƙwai kake ƙyanƙyasa a ciki?"

Ya juyo. Sai da ya ɗan daɗe yana kallonta kafin ya ce, "Shinkafa da wake ne, Hajiya."

"Ina wutar?"

Ya nuna rana da yatsa. "Ga ta can. Kuma ba a bin layi."

Ta harare shi ta kau da kai. Amma da azahar ta yi aka sanar cewa gas ya ƙare, mutane suka watse suna zage-zage, ita kuwa ta rasa ƙarfin tashi. Sai ga shi ya ɗaga gilashin. Tururi ya taso daga wata baƙar tukunya, ƙamshi ya iso inda take. Ya zubo a faranti, ya sa mai da yaji, ya miƙo mata.

"Ba na cin abincin baƙo a titi," in ji ta.

"Sunana Fakhruddeen. Injiniya na karanta a nan Yelwa, wannan shagona ne. Kin ga yanzu na daina zama baƙo."

Ta juya wa titi baya ta ci. Abincin da zafinsa, waken ya yi luguf. Ya nuna mata cikin akwatin: baƙin fenti, buntun shinkafa a cushe tsakanin katako don riƙe zafi, da madubi mai turo hasken rana ciki. Ya ce likita ne ya hana mahaifiyarsa zama cikin hayaƙi, shi ya sa ya fara ƙera shi.

"Gishiri ya yi kaɗan," ta ce tana miƙa masa farantin da ta share tas.

"Ki ba ni lambarki. In na gyara sai in sanar da ke."

Washegari saƙo ya shigo wayarta: "Salam, Gimbiyar layi. Na ƙara gishiri, amma babu mai ɗanɗanawa. Tun jiya nake karkata akwati wajen da kika zauna maimakon wajen rana."

Ta amsa: "Malam Akwati, ka mai da hankali kada ka ba mutane ɗanyen wake saboda ni."

Haka aka fara. Kafin zafin bazara ya kai ƙarshe, Fakhruddeen ya san hanyar zauren gidan Alhaji Abdulbaqi, mai sayar da atamfa a Kasuwar Muda Lawal, mahaifin Khairat. Sai dai ba shi kaɗai ya san hanyar ba. Akwai Hafizu, ɗan aminin Alhaji, mai shagon gas, wanda tun ranar da ya ji Khairat ta sha rana a layi yake aiko da tukunya cike har gida. Hajiya A'i, mahaifiyar Khairat, ba ta ɓoye zaɓinta ba.

"Ke yanzu mai gas yana neman ki, kike bin mai jiran rana?"

Alhaji ya ce ba za a yi gardama ba, za a yi abin da aka saba: a bincika gidan yaro. Ya tura ƙanwarsa, Gwaggo Zubaida, zuwa Gwallameji, inda Fakhruddeen yake zaune da mahaifiyarsa, Inna Habibatu.

Gwaggo ta fara da maƙwabta, kamar yadda ake yi. Wata mata ta ce, "Mutanen kirki ne, ba ruwansu da kowa. Sai dai fa mun daɗe ba mu ga hayaƙi ya tashi daga gidan ba. Kuma ba mu taɓa haɗuwa da su wajen sayen gas ko gawayi ba."

Gwaggo ta yi sallama da sunan tana neman man shanu. Inna Habibatu ta gane ko wace ce tun daga gaisuwa, amma kunya ta hana ta nunawa. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa da nono. Idon Gwaggo kuwa yana madafa. Rana ta take, lokacin da kowane gida ke cikin girki, amma murhun nan a share yake fes, har kaza ta yi kwanci a ciki. Tukunyar gas tana lungu an lulluɓe ta da tsohon zane.

"Ki dakata ki ci abinci, ya kusa," in ji Inna.

Gwaggo ta sake duban madafar, zuciyarta ta karye. Ta san irin wannan magana. Ita ake yi don rufa wa kai asiri. Ta yi sauri ta miƙe don kada ta kunyata matar. Da a ce ta zaga bayan ɗaki, da ta ga akwati a rana da dafa-duka tana nuna a ciki. Amma wa ke zaga bayan ɗakin mutane? Mun saba auna arzikin gida da hayaƙinsa, ko da hayaƙin ne ke cinye huhun matan gidan.

Gwaggo ba muguwa ba ce. Washegari ta auna shinkafa a buhu, ta ba mai keke, ta ce ya kai ya ce in ji wata baiwar Allah. Sannan ta faɗa wa yayanta abin da ta gani.

Alhaji ya kira Khairat. "Talauci ba laifi ba ne, amma ɓoye shi laifi ne. Ba zan kai ki gidan da ba a ɗora tukunya ba."

"Abba, da zafin rana suke dafawa, a cikin akwati. Na ci da bakina."

"Abin da ya nuna miki a titi don ya ja hankalinki?" in ji Gwaggo. "Ni da ƙafata na shiga gidan, 'yar nan. Kaza na gani a murhu."

"Na ce wa iyayen Hafizu su zo ranar Juma'a," in ji Alhaji. "Tashi ki je."

Ta shiga ɗaki, ta fito, ta koma. Ta kira Fakhruddeen bai ɗauka ba. Sai can ga saƙonsa: "Mai keken da ya kawo buhun shinkafa ya faɗa mana daga danginku aka aiko shi. Khairat, sadaka? Inna ba ta ce komai ba, amma tun da buhun ya iso ba ta ci abinci ba. In kin ga ban kai ba, ai sai ki faɗa mini ni. Me ya kawo Inna ciki?"

Ta rubuta: "Wallahi ban sani ba, masoyina. Gwaggo ta ga murhu a mace ta ɗauka yunwa kuke yi. Ranar Juma'a za a ba da ni ga Hafizu. Ka yi fushi da ni daga baya, yanzu ka nemo mana mafita."

Bai amsa ba. Ta riƙa duba wayar har ta yi zafi a hannunta.

Ranar Alhamis da hantsi keke ya tsaya a ƙofar gidan. Fakhruddeen ya sauke akwati da buhun shinkafa a zaure, ya tsaya daga waje kansa a ƙasa. Inna Habibatu ce ta yi sallama ta shiga. Gidan ya yi tsit, don uwar saurayi ba ta taka gidan yarinya haka kawai.

"Ban zo a kan maganar yaron nan ba," ta ce bayan gaisuwa. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa. "An aiko mini da shinkafa. Na zo in mayar, amma ba na son in mayar da ita ɗanya. A ara mini tsakar gida."

Hajiya A'i ta ba ta wuri. Ita kanta a lokacin tana fama da ɗanyen itace, idonta jajir yana zubar da ruwa, don gas ya yanke har a shagon Hafizu.

Khairat ta jawo akwatin zuwa tsakiyar gida. Inna ta wanke shinkafa, ta yanka albasa da tattasai, ta zuba mai da daddawa da busasshen kifi a baƙar tukunya, ta rufe, ta saukar da gilashi. Sannan ta koma inuwa ta zauna, ta ciro carbi.

"Shi ke nan?" in ji Gwaggo.

"Shi ke nan."

Jira ya fara. Khairat ta kasa zama. Ta karkata akwatin, ta gyara madubi, ta dubi gabas, inda wani baƙin hadari ya fara haɗowa. Damina na bakin ƙofa, kuma ta san in gajimare ya rufe rana, ita ma an rufe maganarta. Gwaggo ta yi ta zagaye akwatin, daga bisani ta kai hannu za ta ɗaga gilashin.

Khairat ta riƙe mata hannu. "Gwaggo, don Allah. In kin buɗe zafin zai gudu."

"Wane irin girki ne ba a buɗewa, ba a juyawa, ba a ɗanɗanawa? Ko makaho ai yana sa ludayi."

"Taɓa gilashin kawai ki ji."

Gwaggo ta taɓa, ta janye da sauri tana yarfe yatsa. Ta koma gefe ta zauna.

Alhaji ya dawo daga kasuwa don sallar azahar, ya tarar da saurayi a ƙofa, baƙuwa a tsakar gida. Ya gaisa da Inna daga nesa, aka kawo masa kujera. Ya dubi matarsa tana tari a cikin hayaƙi, ya dubi baƙuwar tana jan carbi a inuwa, zanenta ko toka babu. Daidai nan gajimare ya rufe rana. Tsakar gidan ta yi duhu-duhu. Khairat ta ɗaga kai ta dubi sama.

"To, Hajiya," Alhaji ya ce wa baƙuwar, "ga tambayata ta zo da kanta. Ranar da babu rana fa?"

"Sai mu yaye zane daga kan tukunyar gas, Alhaji. A cike take. Saboda irin ranar muke ajiye ta."

Alhaji ya juya ya kalli ƙanwarsa. Gwaggo ta sunkuyar da kai.

Gajimaren ya daɗe kafin ya janye. Abincin ya makara, har Alhaji ya yi salla ya dawo ya sake zama. Da Inna ta ga raɓa ta taru a cikin gilashin, sai ta ce wa Khairat, "Buɗe, 'yata." Khairat ta sa tsumma ta ɗaga murfin. Tururi ya bugi fuskarta. Shinkafar ta nuna, ta ɗan yi laushi a sama, ba ƙonuwa ko kaɗan a ƙasa.

Alhaji ya ci loma, ya ƙara. Bai ce ta yi daɗi ba. Ya ce, "A kira mini yaron nan."

Gwaggo ta matso kusa da Inna. "Ki yafe mini. Ni fa tausayinki ne ya hana ni sukuni."

"Shinkafar mai kyau ce, na gode," in ji Inna. Ta dubi madafar da ke ta hayaƙi. "Amma ina ganin a nan ta fi amfani."

Hajiya A'i ce ta fara dariya, tana share ido da gefen mayafi.

A zaure Alhaji ya ce wa Fakhruddeen, "Zan je da kaina in ba aminina haƙuri, kuma ba abu ne mai sauƙi ba. Ka turo magabatanka. Amma kafin a sa rana, ka ƙera wa uwar gidan nan irin wannan. Na gaji da jin tarinta."

Da yamma saƙon Fakhruddeen ya shigo wayar Khairat: "Ki yafe mini zargin da na yi miki, hasken idona. Inna ta ce ke kika tsare mata gilashi, wai da ba ke ba da an ci ɗanya."

Ta amsa: "Na yafe, amma sai ka zo ka faɗa da bakinka."

Bayan damina aka ɗaura aure. Baffan ango, Hammawa, ya karɓa masa, liman ya yi addu'a, jama'a suka shafa. Da za a tafi da amarya Gwallameji, Alhaji ya dafa kanta ya ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa kada ku kwana da yunwa ko da gari ya rikice." Hajiya A'i ta rungume ta, wannan karon hawayen na rabuwa ne.

Ranar da Khairat ta shiga girki, Fakhruddeen ya same ta a bayan ɗaki tana leƙen tukunya ta gilashi.

"Amarya, ba fa ya sauri don ana kallonsa."

"To me zan yi kafin ya nuna?"

Ya shimfiɗa tabarma a inuwa. "Zo ki zauna kusa da mijinki. Tun farko dalilin da ya sa na so ki koyi irin girkin nan ke nan."

Ta zauna, ta jingina da kafaɗarsa. Allah ya bar su tare.

Ku kuma da kuka karanta kuka yi murmushi, murmushi ba ya dafa wake. Akwai kafinta a unguwarku, akwai mai yanka gilashi, akwai baƙar tukunya a madafarku. Ku je wurinsu a makon nan, tun gas ɗinku bai ƙare ba, ku sa a haɗa muku akwati, ku fito da shi tsakar gida, ku dafa abincin rana a ciki.